Azariya da Dutse Mai Tafiya

An ce Azariya mai gyaran rediyo yana da wani dutse a shagonsa, dutse mai tafiya da ƙafarsa. An ce da safe yana dama masa kunu, da rana ya shafe shi da manja. Wata mai sayar da gwaza ta rantse ta gan shi da idonta yana tsallaka layin dogo, har ya tsaya ya duba hagu da dama kamar mutumin kirki. Kafin labarin ya kai Kwoi dutsen ya fito da haƙora. Kafin ya kai Manchok ya yi aure, har an yi masa haihuwa.

To, kowa ya kwantar da hankalinsa. Ni taubashin Azariya ne, uwata da ubansa ciki ɗaya, kuma babu lungun shagon nan da ban sani ba. Dutse ɗaya ne a ciki, wanda ake tokare ƙofa da shi, shi kuwa tun da aka ajiye shi bai taɓa zuwa ko'ina ba. Ban da haka, duk wanda ya san Azariya ya san da dutse zai motsa a gabansa, da tuni mun ci shinkafar jana'izarsa. Mutumin da ƙadangare ya taɓa hana shi shiga banɗaki kwana biyu!

A kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa aka haife shi, nan Kafanchan, lokacin da jirgi yake jirgi. Ubansa, Kawu Christopher, makanikin inji ne a loko, inda ake gyaran kan jirgi. Yaran kwatas duk da ƙarar jirgi suka yi wayo, suna bin sa da gudu suna ihu. Azariya kuwa in jirgi ya busa usur sai ƙarƙashin gado, sai an jawo shi da ƙafa. Ya girma, ya auri Zipora, ya haifi 'ya'ya uku, yau shekarunsa hamsin da biyu, amma har gobe in aka yi tsawa sai ya tuna yana da wani aiki a bayan kabad. Sana'ar lantarkin ma da ya koya, kafin ya taɓa waya sai ya gwada ta da testa, ya sake gwadawa, sannan ya gwada testar.

Shi ya sa abin da ransa ya fi so yake ba kowa mamaki. Da Kawu Christopher ya rasu ya bar masa akwatin ƙarfe cike da fayafayan garmaho, guda sittin da uku, irin baƙaƙen nan masu faɗin faranti. Kiɗan da ake kira rok ne, na zamanin da samari suke sa wando mai baki kamar buhu. Ba kiɗan rawa ba ne. A wasu, jita tana kuka kamar an taka wutsiyar damisa, ganga kamar ana sauke rodi daga tirela. A wasu kuma waƙa ɗaya ce take cinye fuskar faifai gaba ɗaya: ka ɗora wake a wuta, ka je aski, ka dawo, mai jita bai gama gaisuwa ba. In aka tambayi Azariya yadda matsoraci irinsa yake zama da wannan tashin hankali, sai ya ce a duk abubuwan ban tsoro na duniya wannan ne kaɗai yake da maɓallin ragewa.

Kuma shi ba ruwansa da manyan da kowa ya sani. Yana da gilashin ƙara girma da yake duba cikin rediyo, da shi yake karanta bayan kwalin faifai, can ƙasa, inda ake rubuta sunaye da haruffa kamar ƙwan tururuwa. Waɗannan su ne mutanensa. Maƙwabcin shagonsa, Malam Arzika dillalin citta, shi ne ya fi kowa shan wa'azin.

"Malam Arzika, duniya ba adalci. Kowa yana kallon mai waƙa da ya buɗe ƙirji a gaba yana girgiza gashi. Wa yake kallon mai jita mai kauri da ke can baya? Ka cire shi ka gani, waƙar za ta zube kamar ɗaki ba ginshiƙi. Wannan mai ogan ɗin, irin piyanon nan na lantarki, faifai huɗu ya yi, ko hotonsa ba su sa ba!"

Malam Arzika yakan gyara hularsa ya ce, "Kamar citta ke nan, maƙwabci. An san mai sayarwa, ba a san wadda ta zauna ta tsaga ta ba. Amma don Allah rage kaɗan, sikelina yana rawa."

A cikin sittin da ukun nan akwai guda ɗaya da Azariya ba ya bari ko ƙuda ya sauka a kai, kuma ba na Turawa ba ne. Wasu samari biyar ne na garin nan, 'ya'yan ma'aikatan jirgi, suka kafa ƙungiya shekara arba'in da wani abu da suka wuce, suna kiran kansu Siginal Bois. Faifai ɗaya suka yi a Legas. Fuskarsa ta farko waƙa ɗaya ce, Jirgin Ƙarfe Huɗu, minti goma sha tara. Ganga ce take buɗe ta, ratatatata, kamar ƙafafun jirgi a kan gada. Mai jitar an rubuta sunansa Liyo Tsawa. Azariya ya rantse, shi da ba ya rantsuwa, cewa duk Turawan akwatin nan babu wanda ya kama ƙafar Liyo Tsawa. Hujjarsa tana minti na goma sha huɗu. A nan jitar take hawa, tana hawa, har ka ji kamar kanka zai rabu da wuyanka, sai ta yi wata ƙara, tau, ta ɗauke. Shiru na numfashi ɗaya. Sannan ta dawo can ƙasa da murya mai kauri, tana tafiya a hankali. Duk lokacin da aka zo wurin, Azariya yakan ajiye ƙarfen dalma ya rufe ido.

Ya nemi wani kwafin a Jos, ya nema a Kaduna, ya sa babbar 'yarsa Peculiar ta duba masa a waya har cajinta ya ƙare. Babu. Nasa ne kaɗai ya rage a bayan ƙasa.

Akwai kuma abin da ya sani wanda ko Zipora sai daga baya ta ji. Kawu Christopher yana kwance a gadon ciwonsa na ƙarshe ya nuna masa ɗan hoton da ke bayan kwalin, ya ɗora yatsa a kan wani siririn saurayi mai tulin gashi da tabo a gira. Ya ce, "Wannan Leonard Sambo ne. Suna dawowa daga Legas motarsu ta faɗi, mai gangarsu ya mutu. Leonard ya tuba, ya fasa jitarsa da gatari. Da fayafayan suka iso ya ƙi ko kallonsu, bai taɓa jin abin da ya buga ba. Sauran duk ruwa ya lalata a sito. Ka riƙe bakinka."

Leonard Sambo! Dattijo Leonard, shugaban dattawan cocinmu. Mutumin da in ya yi gyaran murya a bencin gaba, jarirai suke daina kuka a bencin baya. Kansa yanzu fes kamar ƙwarya, yana tafiya da sanda mai kan tagulla. Shi ya koyar da Azariya a makarantar Lahadi, kuma shi ya taɓa kallonsa sau ɗaya, kallo kawai, ya manta sunan uwarsa. Shekara ashirin da shida Azariya yana ɗauke da wannan magana. Duk Lahadi yana zaune gefen amfilifayar coci yana kula da sifika, yana satar kallon hannun hagun Dattijo, in Dattijo ya juyo ya yi kamar yana neman fiyus a ƙasa.

Ranar da abin ya faru Alhamis ce, kasuwa ta cika. An kawo masa gyaran wata ƙatuwar amfilifaya ta masu kiɗan biki da sifiku biyu, kowacce ta kai firij. Ya gama, ya haɗa da garmahonsa don gwaji, ya ɗora Jirgin Ƙarfe Huɗu, yana sauke allura aka ɗauke wuta. Ya murɗa maɓalli har ƙarshe yana tsammanin amfilifayar ce ta sake mutuwa. Da ya gane wuta ce, ya ja tsaki ya fita cin faten acca. Mutumin da yake gwada testa da testa, ranar bai kashe soket ba.

Wajen ƙarfe ɗaya aka kawo wuta.

Wanda bai zauna Kafanchan ba, ba zai gane ba. Garin nan ya ga abin da ya gani. A nan ba a tambayar me ya faru sai an isa gida an ƙirga yara. Ratatatata ɗin nan tana fita, layi ya ɗauka. Ƙofofin shaguna suka riƙa faɗuwa garam garam, wanda ya ƙara wa abin kama da gaskiya. Tumatir ya watse a titi. 'Yan acaɓa suka yi ta juyawa suna karo da juna. Mata suka nufi makarantu a guje, ba ɗankwali, kowace tana kiran sunan ɗanta. Wani ya yi ihu cewa ta wajen tasha suke, wani ya ce a'a, ta kasuwa, babu wanda ya tsaya tambayar su wa. Akwai wani mutum, ba sai an faɗi sunansa ba, da bai tsaya ba sai a Madakiya, da takalmi ƙafa ɗaya.

Malam Arzika ya buɗe sitonsa yana tura mutane ciki, mai salla da mai zuwa coci, ya rufe ya sa sakata. A cikin duhun nan, tsakanin buhunan citta, mutum kusan ashirin suna danne atishawa, wata tana salati wata tana kiran Yesu a hankali. Azariya yana can ƙuryar ƙarshe, cokalin fate har yanzu a hannunsa, haƙoransa suna haɗuwa. Sai ya ji jita ta shigo bayan gangar. Ya san wannan jitar kamar muryar matarsa. Tsoron da ya ji a lokacin ya ninka na farko, don harbi ana iya cewa ba ka san wanda ya yi ba.

Da ƙura ta lafa aka duba, ba wanda ya mutu, godiya ga Allah. Amma Mama Hellen, shugabar zumuntar mata, ta faɗi a kwata ta karya hannu. Washegari ta zo shagon da hannu a ɗaure, mata uku a bayanta.

"Azariya, wane irin abu ne ka ajiye a nan da ya kori gari?"

Da ya ce kiɗan Turawa ne da an wuce wurin. Amma tsoro ya sa shi son yin cikakken bayani, kuma don girmamawa ya ga ya kamata ya juya mata komai zuwa Hausa, har da kalmar rok ɗin kanta.

"Mama, dutse ne. Sunansa ke nan, kiɗan dutse. Iri biyu ne. Akwai dutse mai tauri, akwai kuma dutse mai tafiya gaba. Wanda kika ji jiya, mai tafiyar ne."

Mama Hellen ta ja da baya taku biyu. A ƙasarmu, inda kakanni suka yi ta kai kaji gindin duwatsu kafin zuwan bishara, ba a faɗa wa shugabar zumunta cewa kana da dutse a ɗaki. Balle mai tafiya.

Ranar Litinin takarda ta iso, da sa hannun Dattijo Leonard. Ana neman ɗan'uwa Azariya gaban dattawa ranar Asabar ƙarfe goma na safe. Ya zo da abin da ya yi ƙarar da dukan kayan aikinsa, domin a ƙone shi a bayan majami'a. In ya ƙi, horo.

Kwana biyar ɗin nan Azariya ya rame har bel ɗinsa ya nemi sabon rami. In babur ya tsaya a ƙofar shago sai ya miƙe tsaye. In aka kira sunansa sai ya ce bai yi ba. Ya haɗa wa wani rediyo waya a juye ta yi hayaƙi. Malam Arzika ya ce ya kawo faifan a cusa shi cikin buhun citta, ya kai musu wani daban, su dattawa ina suka san bambanci. Azariya ya yi tunanin yin ƙarya a gaban Dattijo Leonard, nan take sai da ya zagaya banɗaki. A ranar Laraba ya kasa riƙewa ya gaya wa Zipora komai, har da hoton.

Zipora ta ajiye muciya. "To ai ka tsira, Baban Peculiar. Ka kai musu hoton. Ka ce ga mai dutsen nan a zaune a kan kujerar shugaba."

"In tona tsohon mutum a gaban jama'a? Abin da ya binne da hannunsa?"

"To bari su ƙone."

"Shi ke nan fa a duniya, Zipora. In ya ƙone, kamar ba a taɓa yi ba."

"To me za ka yi?"

"Ban sani ba," in ji shi, ya sake zagayawa.

Ranar Asabar ya bar kwalin mai hoto a ƙarƙashin katifa, ya naɗe faifan tsirara a zanen Zipora, ya ɗauki garmaho da ƙaramar sifika. Daga gida zuwa coci tafiyar minti goma ce, ya yi ta a minti arba'in. A ajin makarantar Lahadi aka zauna, ajin da aka taɓa kallonsa ya manta sunan uwarsa. Dattawa bakwai, da Fasto, da Mama Hellen a gefe da hannunta a wuya. A kan tebur kwalbar kananzir da ashana. Ta taga yana hango inda ake ƙona shara, an riga an tara kirare.

Dattijo Leonard ya buga sanda sau ɗaya. "Ina dutsen?"

Azariya ya kwance zanen. Takardar tsakiyar faifan ta daɗe da gogewa, ba a karanta komai. Ya yi bayani a guntu-guntu cewa suna ne kawai, Turanci ne, shi ne ya fassara, ba a yanka masa ko ƙwai. Dattijo yana kallonsa ba ko ƙyaftawa. Shi kam ya san ma'anar kalmar sarai, kuma fuskarsa ta nuna sanin bai rage wa Azariya laifi ba.

"Na san irin kiɗan," in ji shi. "Na san inda yake kai yaro. Miƙo."

Fasto, wanda saurayi ne bai daɗe da zuwa ba, ya yi gyaran murya a hankali. "Baba, da izininku. Ba a yanke wa abu hukunci ba a ji shi ba. Mu ji ko kaɗan."

"Minti ɗaya. In na sauke hannu a kashe."

Dattijo ya ɗaga hannun dama. Azariya ya yi sau uku kafin allurar ta sauka a inda ya kamata. Ya rage murya ƙasa sosai. Gangar ta fara, ratatatata. Mama Hellen ta kama bakin benci.

Minti ɗaya ya wuce, hannun bai sauka ba. Biyu. Biyar. Dattawa suna kallon hannun, hannun yana sama kamar an manta da shi. Azariya kuwa ɗayan hannun yake kallo. Yatsun hagu huɗu suna tafiya a jikin sandar, suna hawa suna sauka, ba su kuskure ko sau ɗaya ba. Jijiyar wuyan tsohon ta tashi. Gumi ya jiƙa wa Azariya riga har wando. A ransa ya ce shi ke nan, tsohon ya gane, yanzu ba faifan kaɗai zai ƙone ba, har da wanda ya kawo shi.

Aka zo minti na goma sha huɗu. Jita ta hau, ta hau, ta yi tau, ta ɗauke. Azariya, da ya saba shekara da shekaru, idonsa ya rufe da kansa, bakinsa ya ce, "Kai! Duniya ba a taɓa yin irin wannan ba."

"Shirme," in ji Dattijo Leonard. "Kuskure ne."

Abin da ya faru bayan nan har yau Azariya ya ce ba shi ba ne, wani ne ya ari bakinsa.

"Baba, da girmamawa, ba kuskure ba ne."

Wani dattijo ya cire tabarau ya goge.

"Me ka ce?"

"Ba... ba kuskure ba ne, Baba. Jirgin ne ya iso bakin gada. Direba ya riƙe numfashi. Shi ya sa da ya dawo ya dawo a hankali, da murya mai kauri, don gadar tana rawa. Mai jitar nan ya yi tunani. Ko Turawa ba su..."

"Gadar ina!" Sandar ta daki siminti. "Waya ce ta tsinke! Ƙaramar wayar ce ta tsinke ta tsaga mini gira, ga tabon nan! Mai ɗaukar sautin ya ce tef ɗaya ya rage, ba a sakewa. Jini yana shiga mini ido na koma kan manyan wayoyin don ba ni da wasu! Direba ya riƙe numfashi, ji shi!"

Faifan ya ci gaba da juyawa. Ba wanda ya motsa. Dattijo Leonard yana tsaye, yatsansa a kan gira, kuma a hankali ya ji abin da bakinsa ya faɗa.

Mama Hellen ce ta fara samun murya. "Baba... ashe ku ne dutsen?"

Dattijo ya jira har waƙar ta ƙare, allura ta shiga yin ƙas ƙas. Ya taka zuwa tebur, ya ɗauke faifan da hannu ɗaya, ya ɗauki ashana da ɗayan, ya nufi ƙofa.

Azariya ya tsinci kansa a bakin ƙofar. Bai san yadda ya isa ba. Gwiwoyinsa suna bugun juna har ana ji, hannuwansa a buɗe sun riƙe katakon gefe da gefe, ba don jarumta ba, don kada ya faɗi.

"Baba, ku sa ni horo. Ku sa ni bencin baya har in mutu. Amma babu wani. Na nema ko'ina. Shi ke nan."

"Ka san ni ne?"

"Babana ya gaya mini."

"Tun yaushe?"

"Shekara ashirin da shida."

"Kuma ba ka faɗa ba. Ko yau, da zai cece ka."

"Ina tsoronku, Baba."

Tsohon ya dube shi, irin kallon nan na da. Azariya ya ce ya ji sunan uwarsa yana fita daga kansa harafi harafi, amma bai saki katakon ba. Sun yi haka har wani zakara ya yi cara a bayan coci ya gama. Sannan Dattijo ya sauke ido kan faifan, ya juya shi, ya share ƙura da gefen rigarsa.

"Shekara ashirin da shida kana ji, ba ka iya ji ba," in ji shi, muryar ta sauka. "Kowa Liyo, Liyo. A wurin da ka ce shiru ne, ba shiru ba ne. Gregory mai gangarmu yana taɓa ƙaramar ganga a hankali, yana ƙirga mini, don in san inda zan dawo. Ba don shi ba da waƙar ta mutu a nan. Ban ƙara jin hannunsa ba tun ranar da muka ciro shi daga motar." Ya mayar da ashanar kan tebur. "Kauce mini daga hanya kafin ka suma a kaina."

Hukuncin dattawa ya fito kafin azahar. Azariya zai tsaya gaban ikilisiya ya nemi gafara, ya bi layin kasuwa shago shago ya ba da haƙuri, ya riƙa kai wa Mama Hellen ruwa har hannunta ya warke. Maɓallin amfilifayarsa kada ya wuce uku, kuma kada ya ƙara fassara wa kowa komai. Faifan kuwa an ƙwace shi. Zai zauna a hannun shugaban dattawa domin ƙarin bincike.

Sai dai shugaban dattawa ba shi da garmaho. Saboda haka duk Alhamis ƙarfe huɗu na yamma za ka ga Azariya ya rungumi nasa yana tafiya gidan Dattijo Leonard kamar mai zuwa cire haƙori. Yana zama a bakin kujera, ba ya jingina, ba ya iya haɗiye shayin da ake ba shi. Binciken ya shiga wata na bakwai. Azariya ya ce yanzu yana jin ƙaramar gangar Gregory, ƙis, ƙis, ƙis, sau uku, kuma duk lokacin da aka zo wurin tsohon yakan juya fuska wajen taga. Kwanan baya ma an umarce shi ya zo da na Turawan, ɗaya bayan ɗaya, a duba ko akwai mai gangar da ya kai Gregory. Har yanzu ba a samu ba.

Makon jiya na tarar da shi yana naɗe waya zai tafi, leɓensa ya bushe kamar kullum. Na ce, "Sarkin yaƙin Kafanchan! Mai tare ƙofa da gwiwa biyu masu kiɗa! An ce ranar sai da Zipora ta wanke wandon sau uku. Za a kai wa dutse kunu ne?"

Bai ko ɗago ba. Ya gwada soket da testa, ya gwada testar, ya ce, "Ni da na ji tsoro taku goma na yi, sito na shiga. Kai je ka Madakiya ka tambaya ko an tsinci ɗaya takalmin naka."